Iskar Farkon Damina da Tsofaffin Itatuwan Arewacin Zazzau



Mutumin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan idan ya ji labarin guguwar teku ta rushe wani gari a Amurka, yakan ɗauka abin ya yi masa nisa, tun da ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsa da teku. To, amma masana yanayi sun tabbatar da cewa da yawa daga cikin manyan guguwoyin Tekun Atalantika a sararin samaniyarmu ake haifuwarsu. Hadarin nan da kowane yaro ya san daga gabas yake tasowa, idan ya wuce mu ba ya tsayawa. Yakan ci gaba yamma, yana mutuwa yana sake haɗuwa, har ya faɗa teku ta wajen Senegal. Can, idan ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya fara juyawa, kuma da zarar gudun iskarsa ya kai kilomita 119 a sa'a, ya zama guguwar teku.

Alal misali, guguwar da aka sa wa suna Hugo ta bar gaɓar Afirka ta Yamma a cikin Satumbar 1989, ba ta cika mako biyu ba ta afka wa birnin Calston na Karolina ta Kudu, ta karya dajin da ke arewa da birnin kamar an bi gonar dawa da lauje. Abin lura, wannan birni yana cikin manyan tashoshin da aka riƙa sauke bayi daga Afirka, watau iska ta bi hanyar da jiragen bayi suka bi. Katrina kuwa, wadda ta nutsar da Niyu Olins a 2005, an ƙiyasta ta kashe ko ta raunata itatuwa wajen miliyan 320.

Tamu iskar ba ta kai wannan ba, ba ta kuma zo da ambaliyar teku. Takan zo ne a watan Afrilu da Mayu, ta yi ƴan mintoci gaban ruwa, ta wuce. Magabata sun san ta sarai. Shi ya sa magina suka fi kula da bangon gabas, suna shafe shi da makuba, kuma rufin soro da azara ba shi da gefen da iska za ta kama. Kwanon rufi, wanda ya yaɗu bayan jirgin ƙasa ya isa Kano ta Zariya a 1911 aka sami kuɗin auduga da gyaɗa, shi ne ya ba iska abin riƙo. Wannan kowa ya sani, ba zan daɗe a kai ba.

Inda nake so mu tsaya shi ne itace. Kwano idan ya tashi ana sayen wani a kasuwar Maƙarfi, amma kukar da ta shekara ɗari uku ba a sayen ta. A ƙasar Hausa, inda ginin ƙasa yakan narke ya koma gona cikin ƴan shekaru, sau da yawa itace ne kaɗai shaidar da ta rage. Duk inda ka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar gonaki, to, duba ƙasa, da wuya ka rasa katangar tukwane ko ramin marina: kufai ne. A birnin Zariya rimi ne ya yi suna, har Baturen nan Kilafatan, da ya ratsa garin a 1826, ya rubuta labarin dogayen itatuwansa. Unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko daga itace suka sami suna. A ƙauye kuwa tsamiya ko ɗorawa ita ce iyakar gona, ita dagaci yake nunawa in gardama ta tashi tsakanin magada. Ranar da iska ta kayar da ita, ba inuwa kaɗai aka rasa ba, an rasa mai ba da shaida.

Sai dai bai kamata mu ɗora wa iska laifin duka ba, gatari ya riga ta. Babban misali yana nan kusa, a Anchau, wadda take cikin ƙaramar hukumar Ikara kafin a yanke Kubau. Daga 1937 Turawan mulki suka tsiri aikin yaƙi da ciwon barci a can, ƙarƙashin Dokta Nash. Aka sa talakawa suka sassare kurmin bakin rafuka don a hana ƙudan tsando wurin zama, aka kuma gina sabon gari, Takalafiya. Ciwon ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ce, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Amma wani masani Ba'amurke, Horace Miner, wanda ya yi bincike a wurin daga baya, ya nuna yadda mutane suka riƙa noƙewa wajen taɓa wasu kurame saboda sun ce gidan iskoki ne. Turawa sun ɗauki wannan camfi ne kurum. A ganina, ko mene ne hukuncin malamai a kan aƙidar, tsoron nan ya yi aikin da daga baya malamin daji na En'e ya yi da takardar izini.

Me ya sa itacen da ya jure iska ƙarni biyu yake faɗuwa a zamaninmu? Itace a cikin ƴan'uwansa yake da ƙarfi. An sare na kewaye don girki da faɗaɗa gona, ya rage shi kaɗai. An haƙa lambatu ko an yi hanya an datse saiwarsa ta gefe guda. An ɗaye bawon kuka don igiya, an sassaƙe na maɗaci don magani. Sa'an nan ruwan farko ya jiƙa ƙasa, hadari na biyu ya zo ya tura. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, ta cika mana garuruwa da inuwa, mun gode mata, amma ba ta ba da kalwa, ba ta ba da miya, kuma ba ta san tarihin kowa ba.

Ga ma'aikata, an raba tsohuwar Ikara, an fitar da Maƙarfi, daga Maƙarfi an fitar da Kudan mai hedkwata a Hunkuyi, kowace da sashen gona da gandun daji. Rajistar tsofaffin itatuwa ba ta bukatar kuɗi masu yawa: sunan itace, unguwarsa, kaurin gindinsa, da abin da dattawa suka ce a kansa. Ɗalibai kuma su ɗauki wannan aiki a lokacin hutu, su fara da kuka. Dalili kuwa, rimi ko maɗaci in ya faɗi yakan bar kututture na shekaru, amma kuka cikinta ruwa ne da zare. In ta kwanta, damina ɗaya ko biyu ta isa ta ruɓe, mai gona ya bi wurin da garma.