Wa ya ɗora su a sama? Tarihin maguɗi a ƙuri'un wasannin intanet

Duk wanda ya taɓa neman inda zai buga Minecraft da jama'a ya san shafukan nan masu jera sabobi daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Saba dai ita ce kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta su buga tare. Matashin da ke Zuru, da 'yar datar da ya saya, ba zai tsaya gwada saba hamsin ba. Na sama zai duba ya shiga. To wa ya ɗora su a saman?

A yawancin shafukan nan, ƙuri'a ce. Kowa na iya zaɓar saba sau ɗaya a cikin awa 24, wadda ta fi ƙuri'u ita ke hawa. Sai dai akwai wata 'yar manhaja mai suna Votifier da ke sanar da sabar cewa wane ya zaɓe ta, ita kuma ta ba shi tukwici a cikin wasan. Ka ga ke nan ƙuri'ar ta daina auna kyawun saba, ta koma auna yawan tukwici. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, ƙuri'un suke saya daga masu asusun bogi.

Masana kwamfuta sun daɗe da sanin wannan ciwon. A 2002, John Douceur na sashen bincike na Microsoft ya yi rubutu a kan abin da ake kira harin Sybil, wato mutum ɗaya ya shigo da fuskoki da yawa. An aro sunan daga wani littafi na 1973 a kan wata mata da aka ce tana da halayen mutane daban-daban a jikinta. Abin da Douceur ya nuna shi ne, muddin babu wata hukuma da ke tantance waye waye, kusan ba yadda za a hana mutum ɗaya zama mutum dubu. Tun daga nan, dabarun gyara suka karkata ga sa ƙuri'a ta yi tsada: sai da lambar waya, ko sai ka sayi kayan.

Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, ta buɗe wa masu saye damar rubuta sharhi a 2013. Ba a jima ba wasu masu ƙera wasanni suka fara raba mabuɗan wasa kyauta, ana biyan su da yabo. A Satumbar 2016 Valve ya ce ya gano wasanni aƙalla 160 da yabon masu shiga da mabuɗi ya zarce na masu saye nesa ba kusa ba. Sai ya daina lissafa sharhin duk wanda bai saya ta Steam ba. A 2018 kuma ya kori kamfanin Insel Games daga kasuwar, saboda matsa wa ma'aikatansa su rubuta wa wasansa yabo.

Wannan ciwon mutanen bogi ke nan. Ciwo na biyu ya fi wuyar magani, domin mutanen na gaske ne, fushinsu ma na gaske ne, sai dai ba a kan kayan yake ba. A 2017, masoyan PewDiePie sun yi wa wasan Firewatch ruwan mummunan sharhi saboda saɓaninsa da masu wasan. Valve ya fara da nuna jadawalin lokacin da aka rubuta sharhi. A Maris 2019 ya ƙara mataki: idan ma'aikatansa suka ga taron dangin bai shafi wasan ba, za a cire sharhin wannan lokacin daga maki, amma a bar shi a karanta.

Mu ma nan gida mun ga irinsa. Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter. Adamu Garba, wanda ya taɓa neman takarar shugaban ƙasa, ya tallata manhajarsa Crowwe a matsayin madadi. Nan take 'yan Najeriya suka yi mata rubdugu da tauraro ɗaya a Play Store, kuma cikin watan manhajar ta ɓace daga can na wani lokaci. Wasu sun kawo ƙorafi a kan manhajar kanta, wasu kuwa haushin siyasa suka huce. Makin bai bambance su ba, duk ya zuba su a tukunya ɗaya.

A nan batun adalci ya tsaya. Idan aka goge irin wannan sharhin, an rufe bakin jama'a. Idan aka bar shi, mai neman sanin ko kayan na aiki ya tashi a tutar babu. Kuma wanda ke yanke hukuncin kamfani ne da ke cin riba a kasuwar. Ko dokar da hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa a 2024, wadda ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, ciwo na farko ta fi taɓawa.

Saboda haka mai karatu, kafin ka yarda da jeri, duba abu uku. Ana ba da tukwici don ƙuri'a? Yaushe aka rubuta sharhin, a hankali cikin watanni ko a kwana biyu? Sannan ka karanta na masu tauraro uku, domin su ne suka fi faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba. In saba ce, shiga da yamma ka ƙirga mutanen da ke wasa da gaske. Wannan lissafin ya fi wuyar saye.