Black Lives Matter a Kafofin Sada Zumunta

Black Lives Matter fafutuka ce ta neman haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka. Taken ya ɓulla a Facebook da Twitter a watan Yulin 2013, bayan kotu ta wanke George Zimmerman daga laifin kashe matashi baƙar fata Trayvon Martin. Mata uku ne suka assasa ta: Alicia Garza, Patrisse Cullors da Opal Tometi, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne.

Ranar 25 ga Mayu 2020, wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauki bidiyon ɗan sanda Derek Chauvin yana danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa a Minneapolis, daga baya ta saka a Facebook. Bidiyon ya ƙaryata sanarwar farko ta 'yan sanda kan lamarin, zanga-zangar Black Lives Matter ta ɓarke har Landan da Paris. A 2021 aka yanke wa Chauvin ɗaurin shekara 22 da rabi kan kashe Floyd.