Daga Gonar Auduga Zuwa Zauren Lacca: Nazarin Hanyar Matan Funtuwa da Malumfashi Zuwa Jami'a

Tsakure

A duk ranar 8 ga Maris jami'o'in ƙasar nan kan shirya taron karrama mata, a jero sunayen farfesoshi, a raba lambobin yabo. Wannan maƙala ta dubi lamarin ne daga tushe, wato daga yankin noma na Funtuwa da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina. Ta hanyar bitar ayyukan masana, tarihin makarantun yankin da kuma adabin da wata 'yar Funtuwa ta rubuta, maƙalar ta nuna cewa digirin 'yar wannan yanki ya dogara ne a kan sana'ar uwarta, da makarantun da ke kusa da gida, da yardar uba ko miji. Ta kuma nuna cewa matsalar tsaro ta fi yi wa makarantun illa, kuma bukukuwan karramawa ba su cika waiwayar lamarin ba.

1.0 Gabatarwa

Shiyyar Funtuwa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Ƙafur, Malumfashi, Ƙanƙara, Musawa da Matazu. Ƙasa ce ta auduga da masara da dawa, ga tumatir da rake a fadamun Ɗanja. Tun da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, fuskar garin ta karkata kudu. Funtuwa ta fi kusa da Zariya nesa ba kusa ba a kan birnin Katsina, don haka Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ita ce jami'ar gida ga mutanen yankin tun kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Jami'o'in cikin jihar duk na baya-bayan nan ne: Al-Qalam a 2005, jami'ar jiha mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, sai Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a 2011.

Idan ana lissafin matan Arewa da suka yi fice a jami'a, sunayen da ke fitowa sanannu ne. Farfesa Gambo Laraba Abdullahi ta shugabanci Jami'ar Abuja. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya daga 2010 zuwa 2013. Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta zama shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016. Sun cancanci yabo, babu ja. Sai dai irin wannan lissafi yana nuna ƙarshen tafiya ne kawai. Tambayar wannan maƙala ita ce: wace hanya yarinyar da ta tashi a Dayi ko Tsiga ko Maska take bi kafin ta zauna a zauren lacca, kuma wa ya share mata hanyar?

1.1 Dabarun Bincike

Binciken na ɗakin karatu ne. An dogara da ayyukan masana halayyar zamantakewa da suka yi aiki a ƙasar Katsina da Zazzau, da tarihin cibiyoyin ilimi, da ƙagaggun labarai a matsayin shaidar tunanin al'umma. Alƙaluman shiga jami'a da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa daga JAMB ana rarraba su ne bisa jiha da jinsi, sai 'yar Sabuwa da 'yar unguwar ma'aikata a birnin Katsina su faɗa layi guda. Wannan ne ya sa maƙalar ba ta gina hujjarta a kansu ba.

2.0 Tarihin Karatun Mata a Taƙaice

Karatun mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji, wato malamai mata, ke kai ilimin addini ga matan ƙauyuka. Boko ne ya zo da bambanci mai zurfi. An buɗe Kwalejin Katsina ga maza a hukumance a 1922, amma sai wajajen 1930 aka fara makarantar 'yan mata a birnin, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma 'ya'yan fada ne akasarin ɗalibanta. 'Yar manomi a kudancin ƙasar Katsina ba ta ga ƙofar aji da yawa ba sai bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Renée Pittin, wadda ta daɗe tana nazarin matan birnin Katsina, ta nuna a maƙalarta ta 1990 cewa matsayin gidan da yarinya ta fito ne ke tantance ko za ta yi nisa a karatu, ba jinsinta kaɗai ba.

3.0 Sana'ar Uwa

Nan ne aka fi yin kuskure. Mai kallo daga waje yakan ɗauka matar kulle ba ta da hannu a tattalin arziki. Bincike ya daɗe da rusa wannan zato. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, aka buga a 1954, cike yake da kaɗi da saƙa da cinikin mata. Polly Hill, daga aikinta a Ɓatagarawa, ta bayyana a 1969 yadda ake hada-hadar hatsi da abinci daga gida zuwa gida ba tare da an je kasuwa ba. Mafi kusa da yankinmu shi ne aikin Richard Longhurst a Dayi, ƙasar Malumfashi, a shekarun 1970, wanda ya nuna cewa matan aure ba sa fita gona, amma suna da sana'o'insu, musamman sarrafa abinci, kuma ribar tasu ce, ba ta maigida ba.

A da, wannan riba tana tafiya ne ga kayan ɗakin 'ya mace: kwalla, tasoshi, gado. Enid Schildkrout ta nuna a Kano cewa sana'ar tana buƙatar ƙafar yarinya, domin ita ke ɗaukar talla. Ga sarƙaƙiyar ke nan. Sana'ar da ke hana yarinya zuwa aji ita ce kuma, idan uwa ta sauya shawara, ke iya biya mata kuɗin jarrabawa. Duk wanda ya san gidajen yankin ya san inda kuɗin fom ɗin JAMB, kuɗin mota zuwa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da man gyaɗan da ɗaliba ke tafiya da su suke fitowa: daga adashi, daga akuyar da aka kiwata a bayan ɗaki, daga buhun masarar da aka saya da kaka aka ɓoye har bazara. Uwar da ta cire 'yarta daga talla ta yi asara biyu, ta rasa mai kai mata haja, ta kuma ɗauki sabon nauyi. Ba a taɓa kiran sunanta a taron yaye ɗalibai.

Manyan shirye-shiryen raya karkara ma sun tsallake ta. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 tare da na Gusau da Gombe, ya kai taki da iri da malaman gona ga magidanta maza. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka shigar da sashen mata a irin waɗannan shirye-shirye a faɗin ƙasa, kuma nan take aka ci karo da ƙarancin malaman gona mata masu takardar shaida da za su iya shiga cikin gidaje. Buƙatar mace mai ilimi ta fito ne daga cikin al'adar kullen kanta.

4.0 Makarantun Kusa da Gida

Uba a ƙauye ba ya tura 'yarsa Zariya kai tsaye. Yana sakinta ne taki-taki, gwargwadon yadda ya ga ta je ta dawo lafiya. Makarantun kwana na 'yan mata a Funtuwa da Malumfashi, da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bakori, su ne suka fara saba wa iyaye da cewa yarinya za ta iya kwana a wani wuri ba gidan miji ba, ta kuma dawo da mutuncinta. Makarantar ungozoma ta Malumfashi ta samu karɓuwa saboda dalili mai sauƙi: magidanci ya fi son mace ta karɓi haihuwar matarsa.

Cibiyar da ta fi dacewa da batunmu ita ce Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da SBRS, da aka buɗe a Funtuwa a farkon shekarun 2000 domin jihohin Arewa. Tana gyara wa ɗalibi raunin da ya taso da shi daga sakandare, tana kuma shirya shi ga jarrabawar IJMB, wadda ke ba da damar shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Ga 'yar yankin, amfaninta ya wuce na darasi. Reshe ne na jami'a a garin da kawunta ke da shago, inda mahaifinta zai iya leƙa ta ranar kasuwa. Shekara guda a nan takan sassauta zuciyar uban da da farko ya rantse ba za ta je Samaru ba.

Akwai kuma doguwar hanya ta koyarwa. A ƙarƙashin Shirin Ilimin 'Ya'ya Mata na UNICEF, daga 2008 aka fara bai wa matan karkara a Katsina, Bauci, Neja da Sakkwato tallafin karatun NCE, bisa sharaɗin su koma su koyar a ƙauyukansu. Mai NCE tana iya shiga jami'a daga baya, sau da yawa tana da aure da goyo. Irin waɗannan ɗalibai, masu zuwa karatun hutu da jariri da 'yar raino, ba su cika shiga hoton kalandar jami'a ba, alhali su ne ke tsaye a gaban allo a makarantun ƙauye.

5.0 Aure da Karatu: Shaidar Adabi

Yardar uba ko miji ba ta da alƙaluma, amma tana da adabi. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, na cikin marubutan da suka fi kasuwa a shekarun 1990, da littattafai irin su Allura Cikin Ruwa, Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda da Ni. Taurarinta mata ne masu riƙo da addini da biyayya, waɗanda kuma suke yin karatu mai zurfi su kama aiki. Novian Whitsitt, a maƙalarsa ta 2003 a mujallar African Studies Review, ya fassara matsayinta a matsayin bijirewa mai taka-tsantsan: tana sukar auren dole da tauye ilimin mace, amma da hujjar Musulunci, ba tare da ta yi fito-na-fito da tsarin gida ba.

Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, sun soki ingancin wannan rukunin rubutu, kuma sukar tana da tushe ta fuskar fasaha. Amma ta fuskar tarihin zamantakewa, littattafan sun yi aikin da takardun taro ba su yi ba. Sun shiga ɗakunan matan aure, an karanta su a bayyane ga waɗanda ba su iya karatu ba, sun sa likita ko lauya mai hijabi ta zama abin da yarinya za ta iya hange. A ganina, dabarar da ke cikinsu ita ce ainihin dabarar da yawancin matan yankin suka bi: ba su zaɓi tsakanin aure da jami'a ba, sun sanya ci gaba da karatu cikin sharuɗɗan aure.

Wannan ya sha bamban da muryar da ta tashi daga cikin jami'ar kanta. Taron da aka yi a Zariya a 1982 ne ya haifi ƙungiyar mata ta WIN, wadda Ayesha Imam na cikin jagororinta, kuma ta ɗora matsalar mata a kan tsarin jinsi da na aji baki ɗaya. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin Aisha Lemu, ta bi ta hanyar addini. A gidajen Funtuwa da Malumfashi harshen FOMWAN da na Anti Bilki ne ya fi samun shiga.

6.0 Inda Hanya ta Karye

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai maza fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. Maza aka sace, amma amanar da iyaye suka ɗauki shekaru suna bai wa makarantar kwana ta 'yan mata ce ta fi girgiza. A Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, a zamanin da rajistar JAMB da duba sakamako da karɓar gurbi duk sun koma intanet. A Satumba 2023 aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a watan Oktoba kuma aka ɗauke biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, su ma daga masaukin wajen makaranta.

Abin lura a nan shi ne wurin da abin ya faru. Ƙarancin ɗakunan kwana a cikin harabar jami'a ne ke tura ɗalibai mata unguwannin da ba su da kariya. A haɗa da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na watanni 8 a 2022: namiji yakan koma gona ko kasuwa ya jira, mace kuwa zaman gida na tsawon haka yakan ƙare da ɗaurin aure, kuma ba kowane ango ne ke cika alkawarin da ya ɗauka a gaban waliyyi ba. A Faskari, Sabuwa da Ɗandume, inda noma kansa ya zama kasada, jarin uwa ma ya ragu, domin hatsin da take juyawa daga gonar da aka ƙaurace wa yake fitowa.

Shirin ilimin 'yan mata na AGILE na Bankin Duniya, mai dala miliyan 500, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi 7 na farko, ya tsaya ne a matakin sakandare. Tsakanin kammala sakandare da shiga aji ɗaya na jami'a babu wani shiri mai irin wannan girma.

7.0 Shawarwari

Jami'o'in Zariya, Katsina da Dutsinma su riƙa fitar da adadin ɗalibansu mata bisa ƙaramar hukuma, da adadin waɗanda suka bar karatu da dalilinsu, domin a san ko 'yan kudancin jihar na ƙaruwa ko raguwa. Sassan Hausa da na nazarin zamantakewa su tura ɗalibai su naɗi tarihin matan yankin da suka fara zuwa jami'a a shekarun 1970 da 1980, tare da na iyayensu mata, tun suna raye. Kafin duk wannan, Gwamnatin Jihar Katsina da TETFund su fifita gina ɗakunan kwanan mata masu katanga da tsaro a cikin harabar Dutsinma da ta SBRS Funtuwa, a kuma ware ɗakuna ga masu goyo.