Mabuɗin Magana a Ƙasar Sudan

Hawata gari ne a bakin kogin Rahad, cikin jihar Gadarif ta ƙasar Sudan. Hausawa suna cikin mazaunan wannan yanki tun zamanin da alhazai suke bin hanyar Makka a ƙasa, suka kuma ƙaru bayan faɗuwar Sakkwato a shekara ta 1903. A dā labarin gida yakan iso su ta bakin matafiyi. Yanzu kuwa ta wayar hannu yake zuwa, amma mabuɗin wannan hanya ba a hannunsu yake ba.

Mai riƙe da mabuɗi na fari ita ce gwamnati. A watan Disamba 2018, sa'ad da jama'a suka tashi wa Shugaba Umar al-Bashir, an toshe Facebook da Twitter da WhatsApp fiye da wata biyu. Bayan kisan masu zaman dirshan a Khartoum ran 3 ga Yuni 2019, sojoji suka yanke intanet. Wani lauya, Abdul'azim Hassan, ya kai ƙara kotu, ya yi nasara, amma shi kaɗai aka mayar wa layinsa. Sai ran 9 ga Yuli aka buɗe wa kowa. Aka sāke yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021.

Na biyu su ne kamfanoni. A watan Oktoba 2019 Facebook ya rufe waɗansu shafuffukan ƙarya masu alaƙa da Yevgeny Prigozhin na Rasha, waɗanda Sudan tana cikin ƙasashen da suka nufa. Masanan Jami'ar Stanford ta Amurka sun bincike su, suka nuna yadda baƙo yakan sa rigar ɗan gida ya yi magana da bakinsa. Amma hukuncin rufewa a can nesa aka yanke shi.

Wannan batu ya taɓa Hausawa kai tsaye a watan Yuli 2022. Rikici ya tashi a jihar Blue Nile a kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi, aka kashe mutum fiye da 100. Maganganun ƙiyayya, masu cewa su baƙi ne, sun bazu ta wayoyi, Hausawa kuwa suka fita zanga-zanga a Kassala da Gadarif da waɗansu garuruwa.

Na uku su ne masu bindiga. Yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, a watan Fabrairu 2024 kuma layuka suka mutu a yawancin ƙasar. Wanda yake karɓar kuɗi daga ɗan'uwansa ta Bankak ya rasa na abinci. A shekarar nan ce 'yan gudun hijira daga Sinja da Dindir suka kwararo Hawata.

Masana suna muhawara a kan wanda ya cancanci riƙon mabuɗin nan, gama tarihin Sudan ya nuna rufewa tana cutarwa, sakewa ba tsaro kuma tana cutarwa. Abu guda ya rage a hannun talaka, wato abin da yake aikawa. Wasiƙar Yakubu ta kwatanta harshe da wuta, mai bi kuwa zai ba da lissafin kowane saƙon da ya tura a kan maƙwabcinsa, ko Kirista ne ko Musulmi.