Daga Soro zuwa Mita: Tarihin Sanyaya Gida a Ƙasar Hausa

Bazara, wato watannin Maris, Afrilu da Mayu da ke tsakanin ɗaukewar hunturu da saukar ruwan fari, ita ce lokacin da zafi ke kai maƙura a ƙasar Hausa, inda ma'aunin zafi kan taɓa digiri 40 da rana a Kano da Katsina, ya kuma zarce haka a Sakkwato. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin wannan zafi, kuma sun tanadar masa tun daga harsashin gini. Abin da ya sauya a cikin ƙarni guda shi ne hanyar biyan kuɗin samun sauƙinsa, domin a da magidanci kan biya da ƙasa da gumin magina ya ci moriya shekaru, yanzu kuwa yana biya wata-wata ga kamfanin lantarki, ko kullum ga gidan mai.

Ginin gargajiya na birane irin su Kano da Zariya da Damagaram ya dogara ne da tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake kwaɓawa da ciyawa a shanya a rana, sannan a jera shi sahu-sahu a lulluɓe da yaɓe, har kaurin bangon daga ƙasa ya kai rabin mita ko fiye. Rufin soro kuwa ana shimfiɗa shi da azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cika cinta ba, a ɗora tabarmi, a zuba ƙasa mai kauri a daddale. Amfanin wannan nauyi duka shi ne jinkirta zafi. Ranar da ta doki bango da hantsi ba ta ratsa shi ta isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, saboda haka a tsakiyar rana, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa a waje, cikin soro yana riƙe da sanyin daren jiya. Ƙanƙantar tagogi, da ake yi can sama kusa da rufi, ta taimaka wajen hana hucin waje shiga. Inda aka so ɗaki mai faɗi da tsayi, kamar a fada ko masallaci, sai a yi bakan gizo, wato ginshiƙin azara da ƙasa da ake lanƙwasawa ya haɗe a sama, kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne misalin da masana gini suka fi ambato.

Sai dai bangon da ya sha rana wuni guda yakan amayar da zafinsa cikin ɗaki bayan magariba, kuma a nan ne al'ada ta cike gurbin da gini ya bari. Da daren bazara ɗaki wurin ajiye kaya ne kawai: mata da yara kan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa, samari kan kwana a ƙofar gida ko bisa dakali, masu bene kuma su hau rufi. Da rana maigida na zaure da maficinsa na kaba, zaure kuwa yana da ƙofa biyu da iska ke ratsawa. Ruwan sha yana cikin randa, wadda ake kafawa a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakinta da faifai, a kife moɗa a kai. Jikin randa yana da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, kuma yayin da busasshiyar iska ke shanye wannan danshi sai ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa randa ta fi sanyi a Maris, lokacin da iska ke bushe ƙarau, ƙarfinta kuma ya ragu a Mayu idan gumi ya kankama, iska ta cika da laima. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa wannan sanyi kyauta yake. Soro yana neman yaɓe kafin kowace damina, da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke ƙarfafa yaɓen, ko laso da ake haɗawa da katsin marina domin hana ruwa shiga, kuma indararo ɗaya ya toshe a watan Agusta rufi na iya ruftawa a kan masu barci. Ɗakunan suna da duhu, kuma cunkoso a cikinsu lokacin zafi na daga abubuwan da jami'an lafiya ke dangantawa da yaɗuwar sanƙarau. Waɗanda suka gudu daga soro zuwa kwano suna da hujjarsu.

Wutar lantarki ta fara shiga Najeriya ta Legas a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a Arewa ma'adinai ta fara yi wa hidima kafin gidaje, domin kamfanin NESCO, wanda ya fara aiki a 1929, ya samar da wuta daga ruwan Kurra ne saboda masu haƙar kuza a Jos. A Kano da Katsina En'e ce ta riƙe harkar wuta kafin a miƙa ta ga hukumar ECN da aka kafa da dokar 1950, kuma a wancan zamani amfanin wuta a gidan da ya samu bai wuce ƙwan fitila da rediyo ba. Babban sauyi ya zo da madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968, sannan aka haɗe ECN da hukumar madatsun ruwa aka samar da NEPA a 1972. Madatsar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro kuma a 1990.

A daidai waɗannan shekaru ne kuɗin man fetur ya sauya fasalin gida. Masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979, kuma ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ba ma'aikata damar sayen fanka da firji da talabijin kusan lokaci guda. Bulo da kwano suka zama shaidar arziki, har ya kasance magidancin da Allah ya buɗa wa yakan fara da rushe soron gado. Ta fuskar zafi kuwa wannan gini kishiyar soro ne, domin bulo mai inci shida ko tara, ga rami a cikinsa, ba ya jinkirta rana sosai, kwano kuma yana ɗaukar zafi cikin mintoci ya sauke shi a kan mutanen ɗaki, musamman inda babu silin. An karɓi irin wannan gida ne bisa zaton cewa akwai fanka a rataye a tsakiyar kowane ɗaki, kuma wutar da za ta juya ta tana nan, mai araha, dare da rana. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda asalinta ke komawa ga aikin Willis Carrier a Amurka a 1902, ta fara ne daga bankuna da ofisoshin gwamnati da gidajen manyan ma'aikata, kafin ta bazu zuwa falon duk mai hali.

Wannan zato bai tabbata ba, kuma inda ya fi karyewa shi ne a bazara. Ruwan madatsar Shiroro, wadda ke kan kogin Kaduna, yakan ja baya a ƙarshen rani, saboda haka wutar da take bayarwa kan ragu a daidai watannin da kowane gida ya kunna duk abin da ya mallaka. Taransifomar unguwa kan yi lodi fiye da ƙima, wuta ta zo ba ƙarfi, fanka na juyi kamar mai jin barci, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta ƙi tashi sai da sitabilaiza. A lokaci guda mafakar dā ta ƙuntata, domin an yanka tsakar gida an yi ɗakunan haya, an shafe abin da ya rage da siminti mai riƙe zafi har tsakar dare, kuma tsoron ɓarayi ya mayar da masu kwanan waje cikin ɗaki, a bayan tagogi masu ƙarafa.

Gyaran dokar lantarki na 2005 ya mayar da NEPA ta zama PHCN, ya kuma kafa NERC, hukumar da ke ƙayyade farashi, sannan daga Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, inda Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara kuma hannun kamfanin Kaduna. A 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni gwargwadon sa'o'in da ake yi musu alkawari, kuma a farkon Afrilun 2024, ana tsakiyar bazara da azumi, NERC ta ɗaga farashin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta shi daga baya. Yunit shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 ke sha cikin sa'a guda, kuma da shi ake iya ganin tazarar da ke tsakanin kayan sanyi biyu. Fankar sama mai wat 70, idan ta yi sa'o'i takwas kowane dare, tana shan kusan yunit 17 a wata, wato ƙasa da naira 4,000 a farashin naira 225 ɗin. Na'urar sanyaya ɗaki da ke shan kimanin yunit guda a sa'a kuwa, a waɗannan sa'o'i takwas ɗin, tana cinye yunit 240, wato naira 54,000 a ɗaki ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, kafin a mayar da shi 70,000 a Yulin wannan shekarar. Mai mita ta kati yana ganin wannan lissafi da idonsa yayin da lambobi ke zaftarewa, wanda ba shi da mita kuwa ana kawo masa takardar ƙiyasi ko ya sha wuta ko bai sha ba, abin da ya daɗe yana haddasa jayayya tsakanin unguwanni da ma'aikatan wuta.

Janareta, wanda ya kasance madogara tun zamanin NEPA, ya yi tsada bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, har gidaje da yawa suka taƙaita kunna shi zuwa 'yan sa'o'in farkon dare. A wannan giɓi ne sana'ar ƙanƙara ta bunƙasa, inda masu manyan firji da ke kan layin wuta mai kyau ke daskarar da ruwa a leda suna sayar wa unguwannin da ba su da wuta, kuma farashinta kan yi tashin gwauron zabo a shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara. A Jamhuriyar Nijar, inda kamfanin NIGELEC ya daɗe yana sayen mafi yawan wutarsa daga Najeriya, yanke layin da aka yi a Agustan 2023 bayan juyin mulki ya nuna wa mutanen Yamai da Maraɗi cewa fankarsu ma a kan siyasar wata ƙasa take rataye.

Mafitar da ta fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan ita ce sola. Faifan da ke ɗaukar hasken rana, da batir, da fanka mai caji, sun cika kasuwanni daga Sabon Gari a Kano har ƙauyuka, kuma ƙaramin tsari da zai riƙe fanka biyu da ƙwai uku bai fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci ba idan ya yi adashi. Na'urar sanyaya ɗaki ce ta gagara, domin riƙe ta har asuba yana buƙatar batura da kuɗinsu ke shiga miliyoyi, saboda haka masu sola da dama kan kunna ta da rana, lokacin da faifai ke ba da wuta kai tsaye, su koma wa fanka da dare.