Dolutegrabir da Magungunan da Ke Rage Masa Ƙarfi: Nazari a Kan Maganin Farko na Masu Ɗauke da Ƙwayar HIV

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dolutegrabir, maganin haɗiya da ake fara ɗora mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar HIV a kansa a yau. An bi sakamakon gwaje-gwajen da aka buga daga 2013 zuwa 2024, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsayar maƙalar ita ce, ƙarfin maganin tabbatacce ne, amma hanyar da yake bi ya kashe kaifin ƙwayar cuta ita ce kuma ke sa magungunan yau da kullum, irin na ƙarin jini da na gyambon ciki, su hana shi shiga jini.

Gabatarwa

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da dolutegrabir a watan Agusta 2013, kamfanin ViiV Healthcare ya fito da shi da sunan Tivicay. Tsada ta hana shi isowa Afirka da wuri. A 2014 kamfanin ya ba da lasisin yin kwatankwacinsa, sannan a Satumba 2017 aka sanar da yarjejeniyar da ta kawo farashin haɗin TLD kusan dala 75 ga mutum ɗaya a shekara. Ƙwaya ɗaya ta TLD tana ɗauke da tenofobir miligiram 300, lamibudin miligiram 300 da dolutegrabir miligiram 50, ana shan ta sau ɗaya a yini. Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fara karɓar maganin, tare da Kenya da Yuganda. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya kimanin miliyan 1.9, don haka duk abin da ya taɓa wannan magani ya taɓa rayuka masu yawa.

Yadda maganin ke aiki

Ƙwayar HIV ba ta hayayyafa sai ta dasa bayanan halittarta a cikin na ƙwayoyin garkuwar jikin mutum. Sinadarin da ke yi mata wannan dashe shi ne intagires, kuma yana dogara da ƙwayoyin zarra biyu na magnesiyam da ke tsakiyarsa. Dolutegrabir yana cafke waɗannan biyun, aikin dashe ya tsaya. Yana daɗewa manne da intagires kafin ya saki, wanda ya sa ƙwayar cutar ke wahalar bijire masa, saɓanin maganin efabirenz da sauyi guda a jikin ƙwayar ke iya kassarawa. Yana kuma aiki a kan HIV-2, nau'in da aka fi samu a Afirka ta Yamma, wanda efabirenz ba ya taɓawa.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A gwajin SINGLE da aka buga a 2013, bayan mako 48, kashi 88 cikin 100 na masu shan dolutegrabir ƙwayar ta sauka ƙasa da kwafi 50 a mililita na jininsu, masu shan efabirenz kuwa kashi 81. Yawancin ratar ta fito ne daga waɗanda suka daina efabirenz saboda jiri, munanan mafarkai da ƙuraje. Gwajin NAMSAL na Yawunde a Kamaru ya fi kusa da yanayinmu, domin da yawa daga mahalartansa sun zo asibiti cutar ta riga ta yi nisa. A can an samu kashi 74.5 ga masu shan dolutegrabir, da kashi 69 ga masu shan efabirenz. Shi da gwajin ADVANCE na Johannesburg sun kuma nuna ƙarin ƙiba ga masu shan dolutegrabir, musamman mata. A inda ake kallon rama a matsayin tambarin ƙanjamau, majinyaci yakan yi murna da ƙibar, amma likita ya wajaba ya riƙa auna nauyi da hawan jini da sukari.

Batun masu juna biyu ya girgiza shirin ɗora mutane a kan maganin a 2018, lokacin da binciken Tsepamo na Botsuwana ya ga nakasar laka da ƙwaƙwalwa a jarirai 4 cikin 426 da uwayensu ke shan maganin a lokacin ɗaukar ciki. Ƙasashe da dama suka janye shi daga mata masu shekarun haihuwa. Da adadin haihuwar da aka bibiya ya ƙaru, sai ƙiyasin ya sauka zuwa 5 cikin 1,683 a 2019, daga baya ya daidaita da na sauran magunguna. A Yuli 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi zaɓin farko ga kowa, har da masu ciki.

Karo da wasu magunguna

Nan ne, a ganina, aka fi yin sakaci. Dolutegrabir bai san bambancin magnesiyam ɗin intagires da wanda ke cikin farin ruwan maganin gyambon ciki ba. Idan suka haɗu a hanji, sai ya cafke magnesiyam, alminiyam, kalsiyam ko sinadarin ƙarfe, ya zama abin da hanji ba ya iya tsotsewa, ya fita tare da bayan gida. Ƙa'ida ita ce a sha shi awa 2 kafin waɗannan magunguna ko awa 6 bayansu. Ga na ƙarin jini da na kalsiyam akwai sauƙi: ana iya haɗa su da shi idan da abinci aka sha.

Mai ciki da ke zuwa awo ana ba ta jar ƙwayar ƙarin jini a ɗaki ɗaya, a ba ta TLD a wani ɗakin, sau da yawa hannu daban ne ya rubuta kowanne. Idan ta haɗiye su tare da safe ba ta karya ba, ta rage wa kanta kariya a daidai lokacin da ake son ƙwayar ta ɓace daga jininta domin jariri. Maganin gyambon ciki kuwa a kemis ake sayensa ba da takardar likita ba, kuma mai ɓoye cutarsa saboda tsangwama ba zai faɗa wa mai kemis abin da yake sha a gida ba. Watan azumi ma yana da nasa: shan ƙwaya ɗaya a yini ya sauƙaƙa wa mai azumi, amma yakan tara duk magungunansa a buɗa baki ko sahur.

Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, ta wata hanya yake ɓarnarsa. Yana zaburar da hanta ta narkar da dolutegrabir da sauri, don haka ake ƙara miligiram 50 bayan awa 12 da shan TLD. A Nijeriya, wadda ke cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, wannan ƙarin ƙwaya tana buƙatar a tanade ta daban a ma'ajiyar magani. Metfomin na masu ciwon sukari kuma ƙaruwa yake yi a jini idan an haɗa su, sai a taƙaita shi.

Bijirewa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa, a cikin waɗanda ƙwayar ba ta kwanta a jininsu ba duk da suna shan maganin, an samu bijirewa tsakanin kashi 3.9 da 8.6 a wasu ƙasashe, har ta kai kashi 19.6 ga waɗanda suka daɗe a kan wasu magunguna aka mayar da su kansa alhali ƙwayar na da yawa a jini. Ƙwayar cuta takan koyi bijirewa ne idan magani yana jini amma bai kai adadin da zai danne ta ba, kuma karo da magunguna yana iya haifar da wannan yanayi ga mutumin da bai taɓa tsallake rana ba. Idan gwajin jini ya nuna ƙwayar ta tashi, abin da aka saba shi ne a zargi majinyaci da rashin sha. Kafin zargin, ya kamata a tambaye shi me yake haɗawa da ƙwayar, da wane lokaci, da abinci ko babu. Binciken da nake ganin ya cancanci a yi a asibitocin awon ciki na Kano, Katsina da Maraɗi shi ne a rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi, a gwada su da sakamakon gwajin jinin matan kafin haihuwa.