Isawa, Likita Mila da Kafuwar Wusasa

Kusa da dutsen Kufena, a wajen ganuwar Zariya, akwai wata majami'a ta ginin ƙasa mai bakan gizo irin na soron saraki. Magina Hausawa ne suka ɗora ta a 1929, sunanta St Bartholomew, kuma har yau tana tsaye. Masu ibada a Wusasa da Hausa suke addu'a, da Hausa suke waƙa, kakannin wasunsu kuwa malaman allo ne. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan jama'a a matsayin aikin Turawan mishan kurum. Tarihinta ya girmi zuwan Turawan da shekaru fiye da talatin.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Ibrahim. A karatunsa na Alƙur'ani ya tsaya ƙwarai a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu, har ya riƙa koya wa almajiransa ba shi wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce gona da iri. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Wajajen 1867 aka kashe shi a kasuwar Kano. Labarin da zuriyar mabiyansa suka riƙe shi ne tsire shi aka yi. Almajiran suka watse zuwa ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci, wasu suka fake a duwatsun Ningi, inda hannun sarki ba ya kaiwa. Su ne ake kira Isawa, wasu kuma su ce Bani Isra'ila.

A nan ya kamata a yi hattara, don an sha ƙara wa labarin gishiri. Isawa ba su san coci ba, ba su taɓa ganin Linjila a rubuce ba, ba su da baftisma. Littafinsu Alƙur'ani ne, kuma jiran dawowar Annabi Isa a ƙarshen zamani abu ne da Musulmi suka sani tun asali, balle a ƙarnin da maganar bayyanar Mahadi ta cika ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta su shi ne sun sa wannan jiran a tsakiyar rayuwarsu, kuma sun riga sun biya shi da jinin malaminsu. Sun kuma riƙe wata wasiyya da suke danganta masa, cewa wata rana wani zai zo da cikakken labarin Isa.

Turawan da suka zo ba su san da su ba. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya jagoranci tawagar mutum biyar har Kano, cikinsu da wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin fatake da mahajjata. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya ba su kwana uku su bar masa gari. Suka koma Girku, inda ɗayansu ya rasu. Bayan Turawan mulki sun ci ƙasar, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, aka kuma takura wa 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila, yana cikin 'yan ƙalilan da suka sami rangwame. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara.

Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba. Mutane suna zuwa a wanke musu gyambo, su yi godiya, su tafi masallaci. Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ɓoye sukar sarauta, tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuwa babu jituwa. Wanda ya tuba a cikin birni ya san abin da ke gabansa: dangi su janye, maganar gado ta rikice, neman aure ya gagara. Mai bi a wancan zamani, a wannan wuri, mutum ne da ya yarda ya zama baƙo a unguwar da aka binne cibiyarsa.

Sai a 1913 wasu Isawa suka iso wurin Mila, suka ba shi labarin Malam Ibrahim. Aka tura masu bishara ƙauyukansu. Wasu suka saurara suka ce abin da suke jira ke nan. Wasu da dama suka ji batun Ɗan Allah da mutuwa a kan gicciye suka ce a'a, ba wannan malaminsu ya koya ba, suka ci gaba da zamansu cikin Musulunci. Waɗanda suka karɓa sai suka nemi wurin da za su zauna tare, su yi noma, su yi sujada ranar Lahadi ba tare da tsangwama ba. Aka ba su fili a Gimi, wani fasto baƙar fata daga tsibiran West Indies, W. A. Thompson, ya zauna tare da su.

Gimi ba ta yi ƙarko ba. Bakin rafin da suka zaɓa matattarar ƙudan tsando ne, ciwon barci ya shiga garin ya yi ta ɗaukar manya da yara.  Kafin shekara goma ta cika an watse, marayu da sauran waɗanda suka tsira suka koma gidan mishan a Zariya. A ganina nan ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba. Mutanen da suka bar danginsu saboda sabuwar bangaskiya, sai ga mutuwa ta bi su har sabon gari, kuma babu shakka akwai masu cewa alhaki ne. Komawa gida ta fi sauƙi. Waɗanda suka ƙi komawa su ne tushen ikilisiyar da ta rayu.

Yawan jama'ar ya sa gidan cikin birni ya yi kaɗan, hukuma da masarauta kuma dama sun ƙosa mishan ta fita bayan ganuwa. A 1929 aka ƙaura Wusasa, aka kafa majami'a da makaranta da asibitin St Luke. Mila bai so wannan ƙaura ba, yana ganin an ware masu bi daga mutanen da aka zo dominsu. Ya bar Zariya ya koma Kano, ya duƙufa kan fassara.

Ƙaramin garin ya haifar da mutane fiye da girmansa. Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Mutane ne masu babbar riga da hula, waɗanda ɗan Kudu kan ɗauka Musulmi ne, maƙwabcinsu Musulmi kuma ya yi mamakin jin sunan Bulus ko Ishaya a bakin da Hausarsa ba ta da gargada.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya ja gaba tare da 'yan mishan na SIM da SUM da mataimaka Hausawa. Ya yi shi ne da Kanawa da Zazzagawa a zuciya, amma waɗanda suka fi rungumarsa su ne Angasawa da Birom da Bajju da sauran al'ummomin Filato da kudancin Zazzau, har Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa a majami'unsu. Ɗaya daga cikinsu, Yohanna Gowon, Ba'angashe mai bishara, ya kwaso iyalinsa zuwa Wusasa, a can ɗansa Yakubu ya tashi. Mila kansa ya ƙare rayuwarsa a Filato, ya rasu a 1952.